RA'AYINMU: Tanadin Tsufa Da Darasin Birnin Gwari

 

Akwai wata ɗabi'a da ta yaɗu tsakanin matasan ma'aikata a Amurka da Turai, inda mutum zai ƙuntata wa kansa tun yana da ƙuruciya, ya riƙa zuba rabin albashinsa a hannayen jari, domin ya ajiye aiki yana ɗan shekara 40 ko 45. Lissafin nasu ya dogara ne a kan binciken da wani Ba'amurke mai suna William Bengen ya wallafa a 1994, wanda ya nuna cewa idan mutum yana cire kimanin kashi 4 cikin 100 na abin da ya tara a kowace shekara, dukiyar za ta ɗauke shi shekara 30. Wato sai ya tara ninki 25 na abin da gidansa ke ci a shekara. Gidan da ke kashe naira 150,000 a wata, alal misali, yana bukatar naira miliyan 45. Wannan magana ta fara shigowa wayoyin matasanmu, don haka wajibi ne mu faɗa musu gaskiya: an gina lissafin ne a ƙasar da farashin kaya ke tafiya a hankali, kuma kaso mai yawa na jarin takardun bashi ne masu kuɗin ruwa, wanda Musulmi ba shi da rabo a ciki.

Amma tambayar da ke ƙarƙashin lissafin tamu ce: da me mutum zai rayu ranar da ƙarfinsa ya ƙare? Babu inda ya amsa wannan tambaya da ɗaci irin ƙasar Birnin Gwari.

Allah ya yi wa wannan yanki albarka ta fuskoki uku. Ƙasa ce ta noma da masararta ke cika manyan motoci zuwa Kaduna da Funtuwa. Ƙasa ce ta kiwo da ke jingine da dajin Kamuku da na Kuyambana. Kuma tun zamanin Turawa ake haƙar zinariya a Tsohon Birnin Gwari. Magidancin wannan yanki bai taɓa zama maras tanadi ba. In kaka ta yi kyau ya cika rumbu, rarar ya sayi maraƙi, maraƙi ya zama sa, shanu su zama garke. Wannan garken shi ne fanshonsa, shi ne kuɗin asibitinsa, shi ne sadakin 'ya'yansa maza da kayan ɗakin 'ya'yansa mata, shi ne guzurin Hajjinsa. Tsari ne mai hikima, wanda ya riƙe kakanninmu shekaru aru-aru.

Aibinsa ɗaya ne: rumbu da garke da gona da mai su duk suna kwana a wuri ɗaya. Da ɓarayin daji suka mamaye yankin, sai dare ɗaya ya isa a kore abin da aka tara a shekara 30. Wanda shanunsa suka tsira, ya sayar da su ya biya kuɗin fansar ɗansa. Wanda ya yi gudun hijira zuwa cikin gari ko Kaduna, ya bar rumbu da gona a baya, domin ba a ɗaukar gona a ka. Kasuwar dabbobi ta Birnin Gwari kanta ta shafe kimanin shekara 10 a rufe, sai a watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya sake buɗe ta bayan sulhun da aka ƙulla. Dattawa da yawa da suka kai shekarun zama a zaure suna jan carbi sun wayi gari suna neman ƙwadago. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Kada mazaunin birni ya ɗauka wannan labarin ƙauye ne, domin wanda ya ajiye dukiyarsa tsabar kuɗi shi ma an yi masa fashi, ba tare da an harba bindiga ba. Canjin takardun naira da aka sanar a Oktoba 2022 ya jefa masu ajiya a gida da masu nisa da banki cikin ƙunci a farkon 2023. Bayan cire tallafin man fetur a Mayu 2023 da sakin darajar naira a watan da ya biyo, dalar da gwamnati ke sayarwa kimanin naira 460 ta haura 1,500 a 2024, hauhawar farashi kuwa ta kai kashi 34.8 cikin 100 a Disamba na shekarar. Ma'ana, naira 100,000 da aka naɗe a ƙarƙashin katifa ta rasa kusan rubu'in ƙarfinta cikin shekara guda. Hatsi ma bai zama mafaka ta har abada ba: waɗanda suka sayi masara da tsada suka jibge, faɗuwar farashi a 2025 ta karya da yawansu. Masu kwaɗayin riba mai sauri kuwa, MMM ta cinye su a 2016, CBEX ta sake cinye wasu a 2025. Da ma kwaɗayi mabuɗin wahala ne.

Za mu ji wasu 'yan'uwa suna cewa tanadi raunin tawakkali ne, arzikin gobe yana hannun Allah. Haƙiƙa yana hannunsa, amma wannan fahimta ta saɓa wa abin da muka karanta. Annabi Yusuf (AS) ya tsara ajiyar hatsin shekaru bakwai na yalwa domin shekaru bakwai na fari. Ya tabbata a cikin Sahihul Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) yakan ware wa iyalansa abincin shekara. Imam Malik kuma ya kawo a cikin Muwaɗɗa cewa Sayyidina Umar (RA) ya yi umurni a riƙa juya dukiyar marayu don kada zakka ta cinye ta. A lura da wannan hikima: kuɗin da ya kai nisabi ya shekara a ajiye, za a fitar masa da kashi 2.5 cikin 100 duk shekara, ko ya haihu ko bai haihu ba. Shari'a da kanta tana tura dukiya zuwa kasuwa. Wasu kuma suna cewa 'ya'ya su ne fansho. Biyayyar ɗa wajibi ce, amma ɗan da ya gudo tare da mahaifinsa hannu rabbana, da me zai riƙe shi?

Saboda haka nasiharmu ita ce a rarraba tanadi, ta yadda musiba ɗaya ba za ta same shi duka ba. Wani kaso ya zauna a abin da mutum ya sani, kamar dabba da gona da hatsin da ya noma. Wani kaso ya kasance a wani gari daban, ko da fili ne ko shago, da takardu ingantattu. Wani kaso kuma ya shiga inda ɓarawo ba zai iya korawa da sanda ba. A da muna da uzurin cewa bankuna duk na kuɗin ruwa ne, amma bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJ a 2019, Lotus a 2021, kuma hukumar inshorar ajiya ta NDIC ta ɗaga abin da take lamuncewa kowane mai ajiya a manyan bankuna zuwa naira miliyan 5 a 2024. Gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk na farko a 2017, na naira biliyan 100, domin gina hanyoyi, kuma da naira 10,000 ana iya shiga. Sai dai a sani, ladan hayar wancan sukuk kashi 16.47 ne, wanda tsadar 2024 ta ninka. Wannan ma hujja ce cewa babu ma'aji ɗaya da ya isa a jingina da shi kaɗai.

Ma'aikacin albashi ya san dokar fansho ta 2014 ta wajabta a ajiye masa aƙalla kashi 18 cikin 100, takwas daga gare shi, goma daga wanda ya ɗauke shi aiki, kuma bisa ƙa'ida ba ya cin gajiyar asusun sai ya kai shekara 50. Mai burin ajiye aiki kafin nan dole ya sami wani tanadi dabam da zai riƙe shi. Tun 2021 akwai asusu na shida wanda ba ya hulɗa da kuɗin ruwa, kuma ma'aikaci ne zai nemi a mayar da shi can. Manomi da ɗan kasuwa da direba ma an buɗe musu ƙofar fansho ta masu sana'ar kansu tun 2019.

Muna kira na musamman ga matasan da ke shiga ramukan zinariya. Sana'a ce ta ƙarfi da ganganci, ba a tsufa a cikinta. Wanda ya dace a yau, ya cire kaso sananne ya ajiye kafin ya taɓa sauran, ya kuma sanya wa kansa shekarar fita daga rami. Wannan shi ne ajiye aiki da wuri a wurinmu: mutum ya 'yantu daga aikin da ke cin jikinsa tun da sauran lafiya, ya koma sana'a mai sauƙi, ya sami lokacin zama gaban malami da tarbiyyar 'ya'yansa. Zaman kashe wando ba burin mumini ba ne.

Haka nan muna kira ga shugabannin rassa da malamai da su sanya wannan babi cikin karatuttukansu, su tsara adashi da ƙungiyoyin haɗa jari bisa rubutu da shaidu, kamar yadda aya mafi tsawo a Alƙur'ani ta karantar game da bashi. Kowane magidanci ya rubuta inda ajiyarsa take, ya sanar da amintacce, don kada haƙƙin magada ya salwanta bayan rasuwarsa. A fara da abin da ya samu, ko da naira 1,000 ce a mako, domin da yayyafi kogi kan cika.

Kasuwa ta sake ci, hannu ya fara riƙe kuɗi, to yanzu ne lokacin gyara, tun kafin a manta. Allah ya dawwamar da zaman lafiya a Birnin Gwari da sauran yankunanmu, ya mayar wa waɗanda suka yi asara da mafi alheri, ya sanya yalwar arzikinmu ta kasance a lokacin tsufanmu. Amin.