Bas ɗin Mourinho da 'yan kallon ƙwallo na Filinge

A Filinge, kimanin kilomita 180 daga Yamai, samarin fada suna kallon gasar Firimiya ta Ingila da sharhin Faransanci na Canal+. Da an tashi wasa sai kowa ya koma kan wayarsa, inda rahotanni masu zafi ke zuwa da Turancin Ingilishi. Yaron da ya yi lakwal da Faransanci, yake kuma Hausar Kurfai a gida, a nan yake tuntuɓe.

Maganganun da ke ba shi wahala karin magana ne, kuma na'urar fassara ba ta san su ba. Za ta gaya masa cewa wata ƙungiya ta "ajiye bas", alhali ba mota a filin. Kocin Chelsea na lokacin, José Mourinho, ne ya yaɗa wannan magana a Ingila a 2004, bayan Chelsea ta tashi ba ci da Tottenham, yana ƙorafin cewa abokan karawar sun taru a bakin ragarsu sun toshe ta. Daga harshensa na Fotugis ya ɗauko ta. "Farar takarda" kuwa na nufin ba a zura wa gola ƙwallo ko ɗaya ba. Kalmar hat-trick ma, wato cin ƙwallo uku a wasa ɗaya, aro ce daga wasan kurket.

Hausa tana da nata, kuma sun fi daɗin baki. Masu sharhin wasanni a rediyo sun daɗe suna cewa ɗan wasa ya ci uku rigis, an yi canjaras, an kama shi da satar gida, ko an ba da bugun daga kai sai mai tsaron gida. Mai sayar da awaki a kasuwar Lahadi ta Filinge zai gane waɗannan ba tare da tafinta ba.

Tun 2025 dokar ƙasa ta mai da Hausa harshen ƙasa a Nijar, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. Ya kamata hakan ya kai ga filin balo. Gidajen rediyon karkara na jihar Tilaberi za su iya ware minti goma bayan wasannin ƙarshen mako, su ɗauki maganar Turanci guda, su warware ta, su faɗi takwararta ta Hausa. Malaman Ingilishi na kwaleji su ma su shigo da rahoton wasan jiya cikin aji, tunda yaran sun riga sun san abin da ya faru a fili kafin su karanta shi.