Ka Kwantar Da Motarka, Ka Tambayi Nauyin Da Sifirin Ɗin Zai Ɗauka?

Wannan makon da samarinmu masu kwantar da mota nake, kuma ba zan yi kara ba.

Ranar Asabar a Bompai na ga wata Honda ta tsaya cak a gaban tudun rage gudu, direban yana karkata ta kamar mai tsallake kwata da farar shadda. Tirela na bayansa tana hon. Duk da haka sai da salansa ta goge ƙasa. Na tambaye shi wane sifirin ya saka, ya ce bakanikensa ya yanke masa zagaye ɗaya, shi ke nan. Wannan ba gayu ba ne, ganganci ne.

Kowane sifirin yana da ƙarfinsa, wato nauyin da zai danne shi milimita ɗaya. Tun 1678 Robert Hooke na Ingila ya bayyana wannan ƙa'ida. Misali, sifirin mai kilo 4 a kowace milimita, in ka ɗora masa kilo 400, zai nutse milimita 100. Abin da ya rage masa na motsi, shi ne ke shanye rami.

To, a ce saura milimita 80 kafin mota ta daki ƙarfe, ka kwantar da ita da 35. Saura 45, kusan rabi ya tafi. Yanke zagaye ɗaya cikin takwas yana ƙara tauri da kashi 14 cikin ɗari kawai. Ina lissafin ya haɗu? Ramin farko a titin Haɗeja, shok ne zai biya, sai taya, sai ƙasan inji. Masu gasa sifirin da wutar walda kuwa sun kashe ƙarfen ne, ranar karyewarsa kawai ake jira.

Za a ce ai Turawa ma suna yi. Gaskiya ne, amma Eibach da H&R na Jamus suna ƙera kowane sifirin ne don takamaimiyar mota, su ƙara masa tauri gwargwadon gajartarsa. Kuma titunan Sharaɗa da Challawa, da manyan motoci ke taka su dare da rana, ba na Jamus ba ne. Iyayenmu ba don kyau kaɗai suka riƙe Fijo 504 ba, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Tsayinta da laushinta a kan rami suka saya.

In dole sai ka kwantar, kafin ka biya a Ƙofar Ruwa ka nemi lamba biyu: nawa zai rage tsayi, kuma mene ne ƙarfinsa in an gwada da na asali. Ka lura da ma'auni, kilo 1 a milimita daidai yake da kusan fam 56 a inci. Akwai mai tauri ɗaya daga farko har ƙarshe, akwai mai fara laushi ya ƙara tauri yayin da yake nutsewa. Na biyun ya fi dacewa da titunanmu. Ka kuma sa shok da zai iya da shi.

Mai kayan da bai san lambar ba, kar ka ba shi kuɗinka. Mota ba taka kaɗai ba ce, akwai mai Adaidaita Sahu a gabanka ranar da za ka taka birki a kan rami.