Taron Python A Ƙofar Gidanmu: Mu Tura Malamai

A watan Agustan 2019, masu rubuta manhaja da harshen kwamfuta na Python daga sassan Afirka sun hallara a Jami'ar Ghana da ke Legon domin taron PyCon Africa na farko. A 2024 taron ya sake dawowa Accra. Daga Madina Zango zuwa Legon shiga trotro ɗaya ne. To jama'a, malaman makarantunmu nawa muka tura?

Ga wanda bai sani ba, Python harshe ne da ake ba kwamfuta umarni da shi. Wani ɗan ƙasar Holan, Guido van Rossum, shi ya fitar da shi a 1991. Kyauta ne, kuma ko tsohuwar kwamfuta tana ɗaukar sa. Da shi ake gina shafukan intanet, ake tace bayanai, ake kuma yin yawancin aikin ƙirƙirarriyar basira da ake ta magana a kai yanzu. A taronsu akan yi jawabai, a yi zaman koyarwa na masu farawa, sannan a haɗu da masu ɗaukar aiki. Sukan kuma ware tallafin kuɗin shiga da na tafiya, amma sai wanda ya nema da wuri.

Ni dai a ganina, idan kuɗin mutum ɗaya muke da shi, malami ya kamata ya je. Saurayi in ya je, kansa ya amfanar, kuma madalla. Malami kuwa zai dawo ya tsaya gaban aji shekara da shekaru. Tun 2019 sabon tsarin karatun firamare ya sa darasin kwamfuta daga aji huɗu, amma da yawa daga cikinmu mun fito kwalejin horon malamai ba mu taɓa rubuta manhaja ko layi ɗaya ba. Ba mu manta da Richard Appiah Akoto ba, malamin nan na yankin Ashanti da hotonsa ya zaga duniya a 2018 yana zana Microsoft Word da alli a kan allo. An yaba masa, kuma ya cancanta. Amma fa da alli kaɗai yaro ba zai iya ba.

Na san abin da za a ce: komai da Turanci ne, ga shi ba kwamfuta. Ai shi ya sa nake cewa malami. Shi ne zai ji da Turanci ya dawo ya warware wa yaro da Hausa. Batun na'ura kuwa, kwamfuta biyar da aka yi amfani da su sun isa a fara, yara uku-uku a kowace.

Sai 'ya'yanmu mata. Akwai ƙungiyar Django Girls da aka kafa a 2014, tana shirya horo kyauta ga mata, inda mace za ta gina shafinta na farko cikin yini guda. An yi irinsa a Accra da Kumasi. 'Yan sa-kai ne ke shiryawa, kuma kowa na iya neman izinin shirya nasa. Me zai hana makarantar Islamiyya a Nima ko Aboabo ta ba da ɗaki ranar Asabar, iyaye su leƙo su gani da idonsu? Hankalin uba zai fi kwanciya a haka.

Roƙona ga limamai da sarakunan zango da kwamitocin makarantu: kamar yadda muke haɗa kuɗin maulidi da na walimar sauka, mu haɗa na malami ɗaya ko biyu a shekara. Sharaɗi ɗaya tak: in ya dawo, ya koyar da 'yan'uwansa malamai, ya buɗe ajin Asabar. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Allah Ya sa mu dace.