Sharhi: Tsadar man fetur da makomar keke a titunan Lafiya

Tun daga ranar 29 ga Mayu, 2023, da Shugaban Ƙasa Bola Ahmed Tinubu ya bayyana janye tallafin man fetur a jawabinsa na kama aiki, kuɗin zirga-zirga ya shiga sahun gaba cikin abubuwan da ke cinye albashin ma'aikaci da jarin ƙaramin ɗan kasuwa a Najeriya. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta koma kusan naira 500 cikin 'yan kwanaki, ta haura naira 600 a watan Yulin wannan shekara, sannan ta zarce naira 1,000 a watan Oktoban 2024. Duk da sassaucin da aka riƙa samu jefi-jefi bayan matatar Ɗangote ta fara fitar da fetur, farashin bai ko kusanci inda ya baro ba.

A Lafiya, babban birnin Jihar Nasarawa, acaɓa da Keke Napep ne ƙafar mafi yawan jama'a, kuma dukkansu da fetur suke tafiya. Saboda haka duk ƙarin da aka yi a gidan mai, kafin rana ta faɗi ya isa aljihun fasinja. Wannan ne ya sake taso da wata tsohuwar tambaya da hukumomi suka daɗe suna ɗauka suna ajiyewa: shin keke zai iya komawa abin hawan zuwa aiki da makaranta da kasuwa a gari irin Lafiya, kuma me ya kamata a yi kafin a ce wa jama'a su hau?

Lissafin kuɗin ba shi da wuya. Mafi ƙarancin albashi na ƙasa, kamar yadda aka sanya wa hannu a watan Yulin 2024, naira 70,000 ne. Idan aka ɗauka, a matsayin misali, ma'aikaci yana kashe naira 1,000 kullum wajen zuwa aiki da dawowa, to a kwanakin aiki 22 ya kashe naira 22,000, wato kusan kashi ɗaya cikin uku na albashin, tun bai auni masara ko ya biya kuɗin makarantar yara ba. Keke kuwa sau ɗaya ake sayensa. Abin da yake nema bayan nan shi ne iska, da faci, da ɗan mai a sarƙa, da canjin taya ko birki lokaci zuwa lokaci, kuma duk waɗannan mai gyaran bakin titi yana iya yi.

Yanayin ƙasa ma ya taimaki Lafiya. Garin yana shimfiɗe ne a kan fili mai saukin hawa da gangara a yankin kwarin Binuwai, ba kamar Jos ko tsaunukan Eggon da ke arewa da shi ba. Manyan hanyoyi huɗu ne suka ratsa shi, wato hanyar Jos, da ta Makurɗi, da ta Shendam, da ta Doma, kuma a kansu manyan wuraren da jama'a ke nufa kowace safiya suke. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Isa Mustapha Agwai tana kan hanyar Jos, mazaunin dindindin na Jami'ar Tarayya yana kan hanyar Makurɗi, Kwalejin Aikin Gona tana hanyar Doma, Gidan Gwamnati kuma yana hanyar Shendam. Daga unguwanni irin su Bukan Sidi, Tudun Gwandara, Tudun Kauri da Sabon Pegi zuwa tsakiyar gari tafiyar 'yan kilomitoci ce. Mai keke da ke tafiya a natse, ba tare da tsere ba, yana cin kilomita biyar cikin minti 20 zuwa 25.

Keke ba baƙo ba ne a wannan yanki. A zamanin mulkin En'e, da kuma shekarun farko na 'yancin kai, shi ne abin hawan malamin makaranta, da akawu, da malamin gona, da ma'aikacin asibiti, kuma wanda ya mallaki Raleigh ana ganinsa da daraja a unguwa. Har masana'antar haɗa kekunan Raleigh aka yi a Kano. Arzikin mai na shekarun 1970 da ƙarin albashin Udoji suka ɗora ma'aikata a kan babura da motoci. Matsin tattalin arzikin da ya biyo bayan shirin SAP na 1986 ya yaɗa sana'ar acaɓa, sannan babura masu sauƙin kuɗi daga Sin da Indiya suka cika kasuwa. A hankali keke ya koma hannun manomi da ɗalibi da mai talla, aka riƙa kallonsa a matsayin shaidar rashi.

Wannan kallo na daga cikin manyan abubuwan da ke hana ma'aikaci hawa keke a yau. Akwai wanda zai gwammace ya ci bashin kuɗin acaɓa da a gan shi yana taka feda zuwa ofis, don gudun a ce ya karye. Mata kuma nauyin ya fi yawa a kansu, domin a gidaje da dama ba a saba ganin mace baliga a kan keke ba, ko da yake al'adar ta bambanta tsakanin al'ummomin da suka haɗu a Lafiya, irin su Barebari, Alago, Gwandara, Eggon, Migili, Hausawa, Fulani da Tibi.

Sai dai abin da ya fi kunya nauyi shi ne tsoron titi. Lafiya tana kan babbar hanyar da ta haɗa Abuja da Makurɗi da kudu maso gabashin ƙasar nan, hanyar da tireloli da tankokin mai da motocin doya ke bi dare da rana. Aikin mayar da hanyar Keffi zuwa Akwanga, Lafiya da Makurɗi mai tagwayen hannu, wanda kamfanin China Harbour ya gudanar, ya sauƙaƙa tafiya ƙwarai, amma faɗin titi da santsinsa suna ƙara wa direba gudu. Haka gadar sama da ta ƙarƙashin ƙasa da gwamnatin Abdullahi Sule ta gina a tsakiyar gari, an yi su ne don rage cunkoson motoci. Mai keke a irin waɗannan hanyoyi ba shi da wurin kansa. Gefen titin da zai raɓa, ko dai masu kasa kaya sun mamaye shi, ko Keke Napep na sauke fasinja, ko kuma yashin da ruwan sama ya tara ya rufe shi.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna girman lamarin. Rahotonta na 2023 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗuran hanya kowace shekara, kuma nahiyar Afirka ce ta fi kowace yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'arta. Fiye da rabin mamatan masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur, wato waɗanda babu ƙarfen da ya kewaye su. Shi ya sa taron ministoci na duniya kan kiyaye haɗura, wanda aka yi a Stockholm a 2020, ya ba da shawarar taƙaita gudu zuwa kilomita 30 a awa a duk inda motoci ke cuɗanya da masu tafiya a ƙasa da masu keke.

Najeriya ta taɓa gwada kiran jama'a zuwa ga keke ba tare da gyara titi ba. A 2001, Ministan Sufuri na wancan lokaci, marigayi Ojo Maduekwe, ya yi ta hawa keke zuwa aiki a Abuja domin ya zama abin koyi. Wata rana motar bas ta banke shi ya faɗa kwalbati. Ya tsira da ransa, amma shirin bai tsira ba, ya koma abin barkwanci a bakin jama'a. Tun daga nan Hukumar Kiyaye Haɗura ta Ƙasa ta ci gaba da shirya gangamin hawan keke, musamman a ranar 3 ga Yuni, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware tun 2018 a matsayin Ranar Keke ta Duniya. Gangamin yana da amfani, sai dai a ranar jami'ai ne ke tare hanya gaba da baya. Washegari mai keke ya koma shi kaɗai tsakanin motoci.

Maiduguri ta ba da wani darasi daban. Da aka hana hawa babur a birnin a 2011 saboda matsalar tsaro, kekuna suka cika tituna, manya da yara suka hau ba tare da jin nauyi ba. Wannan ya nuna cewa kunyar hawa keke ba ta da zurfin da ake zato, kuma idan kiɗa ya sauya, rawa ma takan sauya. A Wagadugu, babban birnin Burkina Faso, inda zafin rana bai gaza na Lafiya ba, maza da mata suna zuwa harkokinsu a kan keke, kuma wasu manyan titunan birnin suna da sashe na musamman na masu ƙafa biyu. Ita ma ƙasar Holan, wadda kekunanta suka fi mutanenta yawa a yau, ba haka ta tashi ba. Tsadar mai ta 1973 da zanga-zangar iyaye kan yawan yaran da motoci ke kashewa su ne suka sa hukumominta suka koma gina hanyoyin keke.

Akwai dalilai na gaskiya da masu ɗari-ɗari ke kawowa, kuma bai kamata a yi watsi da su ba. Daga Fabrairu zuwa Afrilu zafin Lafiya yana da tsanani, daga Afrilu zuwa Oktoba kuma damina ce mai ruwa. Magidancin da zai kai yara uku makaranta kafin ya wuce aiki, keke ɗaya ba zai ishe shi ba. Faɗuwar darajar naira ta ɗaga kuɗin keken kansa, tunda daga waje ake shigo da sababbi da na hannu da kayan gyaransu, har ya zama wanda ya fi buƙatarsa shi ne wanda ba zai iya biya a tashi ɗaya ba. Ga kuma sata, domin ofisoshi da kasuwanni da asibitoci kaɗan ne suka tanadi wurin da mutum zai ɗaure kekensa ya tafi hankali kwance. Keke ba zai maye gurbin motar haya ba, kuma ba zai sauke wa gwamnati nauyin samar da bas-bas masu rahusa ba. Abin da zai iya shi ne ɗauke gajerun tafiye-tafiye, waɗanda su ne mafi yawa a gari mai girman Lafiya.

A wajen gari kuwa keke bai taɓa barin aiki ba. A hanyoyin burji da na ƙafa da suka nufi ƙauyukan da ke kewaye da Shabu, Kwandere, Agyaragu da Assakio, manomi yana ɗaure doya ko buhun riɗi ko rogo a bayan keke zuwa kasuwa, ɗalibi kuma yana cin nisan da zai kai shi makarantar sakandare. Waɗannan hanyoyi ne masu hawa keke don motsa jiki za su fi jin daɗinsu da sanyin safiya, nesa da hayaƙin motoci, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kowane baligi ya motsa jikinsa aƙalla minti 150 a mako. Amma a nan tsaro ne sharaɗi. Rikicin manoma da makiyaya da ya addabi sassan kudancin jihar, da fargabar masu satar mutane, sun sa mutum ba ya kutsa daji shi kaɗai sai inda ya sani kuma aka san shi.

Matakan da ake buƙata ba su kai kuɗin gada guda ba. Na farko, a keɓe sashen keke da shingen kankare a kan manyan hanyoyin nan huɗu, a fara da wuraren da ɗalibai suka fi yawa, domin fentin da aka shafa a titi ba ya hana direba shiga. Na biyu, a tilasta wa manyan motocin da ba su da abin saukewa a gari bin hanyar bayan gari, a kuma rage gudu a gaban makarantu da kasuwanni. Na uku, a tanadi rumfar ajiye kekuna mai gadi a sakatariya da asibitoci da manyan makarantu. Na huɗu, ƙungiyoyin gama-kai na ma'aikata su bayar da keke bashi ana cirewa daga albashi a hankali, kamar yadda suka saba yi da babura da kayan abinci. Dasa itatuwan inuwa a gefen hanya zai rage zafi ga mai keke da mai tafiya a ƙasa baki ɗaya. Su kuma masu keken, wajibi ne su gyara birki, su sa fitila da abin da ke haska su da dare, su daina bin hannun da ba nasu ba.

Lafiya ta zama babban birnin jiha ne a ranar 1 ga Oktoba, 1996, kuma ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumarta tana da mutum sama da dubu 330. Tun daga lokacin gari yake ta faɗaɗa ta kowace kusurwa, ana yanka filaye ana fitar da sababbin tituna. Titin da aka zana yau shi za a bi shekaru talatin ko arba'in masu zuwa, kuma barin mita biyu a gefensa tun yana takarda ya fi sauƙi a kan rushe shaguna da biyan diyya daga baya. Abuja da Legas sun riga sun cika, gyara a can yana da tsada. Lafiya kuwa har yanzu tana da sarari.

Ko gwamnati ta yi tanadi ko ba ta yi ba, tsadar mai za ta ci gaba da tura masu ƙaramin ƙarfi kan keke. Abin da ya rage a hannun hukumomin jihar da na tarayya shi ne yanayin titin da waɗannan mutane za su tarar idan sun fito da safe.