Allura Ma Ƙarfe Ce: A Daina Raina Masu Zanen Kullum

Kowace safiya dubban mutanen da ba zane ne sana'arsu ba sukan ɗora hoton wani ɗan aiki da suka yi da fenti a Instagram ko Facebook. A cikinsu akwai ma'aikaciyar jinya, da malamin makaranta, da direba, da tsohon da ya yi ritaya. Zanen bai cika wuce tafin hannu ba: rabin lemo a faranti, kofin shayi, tsohon takalmi, inuwar taga a jikin bango. A ƙarƙashinsa sai a rubuta, rana ta 17 cikin 30. Wani ya yi kyau, wani ya karkace, wani kuma launukansa sun cakuɗe sun zama kamar taɓo. Gobe dai za a ɗora na 18.

Akwai masu kallon wannan ɗabi'a suna taɓe baki, kuma ƙorafinsu uku ne. Suna cewa fasaha ba ta bin jadawali, sai ranar da ilhama ta sauko. Suna cewa nuna aikin da bai nuna ba roƙon yabo ne da rashin kunya. Suna kuma cewa 'yan koyo sun cika duniya da tarkace, har gwanaye sun rasa wurin tsayawa. Dukan ukun ba su da tushe, kuma ɓarnarsu ba ƙarama ba ce, domin su ne suke sa mai sha'awa ya ajiye burushi tun kafin hannunsa ya faɗa.

Wannan al'ada a sigarta ta yau tana da mafari sananne. A watan Disamba na 2004 wani mai zane a birnin Richmond na jihar Bajiniya a Amurka, Duane Keiser, ya ɗaura wa kansa yin ƙaramin zane ɗaya da fentin mai kowace rana, girmansa kamar katin gaisuwa, ya riƙa nuna shi a intanet, daga baya ya riƙa sayarwa ta gwanjon eBay. Wasu suka bi sahu. Carol Marine ta fara nata a 2006, a kan alluna masu inci 6 tsawo da faɗi, ta fitar da littafi kan wannan hanya a 2014. A 2009 Jake Parker ya ƙirƙiro Inktober: zanen tawada 31 a kwanaki 31 na Oktoba. A 2014 aka kawo shirin kwana 100 cikin Instagram, wanda ya samo asali daga wani aiki da Michael Bierut yake ba ɗalibansa a Jami'ar Yale. A 2016 Charlie O'Shields ya ware watan Yuli don fentin ruwa. Sharaɗin duka ɗaya ne: a yi ƙarami, a yi kullum, a nuna.

Mai cewa a jira ilhama ya kamata ya fara duba yadda gwanayen da yake girmamawa suka yi aiki. Marubucin Rum, Pliny, ya ruwaito cewa Apelles, wanda ake ɗauka shi ne babban mai zanen Girka ta dā, ba ya barin rana ta wuce bai ja ko da layi ɗaya ba, komai yawan hidimarsa. John Constable na Ingila ya shafe 1821 da 1822 yana fita tudun Hampstead a Landan yana zana gajimare da fentin mai a kan takarda, a bayan da yawa daga cikinsu yana rubuta kwanan wata, da sa'a, da inda iska take kaɗawa. Hokusai na Japan ya haura shekara 80 lokacin da ya ɗauki zana zaki guda kowace safiya tun daga 1842, shi a ganinsa kariya ce daga sharri, kuma fiye da 200 daga cikinsu suna nan har yau. Vincent van Gogh bai kama zane gadan-gadan ba sai yana da shekara 27, amma cikin shekara 10 ya bar ayyuka wajen 2,000. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya zauna ya naɗe hannu yana jiran saukar wani abu daga sama.

Labarin baiwa yana da daɗin ji domin yana ba kowa mafaka. Gwani yana samun girman wanda aka zaɓa, malalaci kuma yana samun uzurin cewa ba a ba shi ba. Zanen kullum yana tona wannan asiri a bainar jama'a, domin kowa yana iya jera na ranar farko da na rana ta 90 ya ga tazarar da idonsa, ya kuma ga cewa babu abin da ya shiga tsakaninsu sai kwanaki da aiki. Yau da gobe ke sa allura ginin rijiya.

Ƙanƙantar zanen ma dabara ce. Wanda ya shimfiɗa babban ƙyalle yakan shafe wata guda a kansa, kuma a wannan watan sau ɗaya kawai zai tsara inda kowane abu zai zauna, sau ɗaya zai yanke shawarar ina haske ina duhu, sau ɗaya zai san lokacin ɗaga hannu. Mai ƙaramin allo yana yin wannan zagaye sau 30 a watan. Fentin da ya ɓata kaɗan ne, lokacin bai wuce sa'a ɗaya ko biyu ba, don haka tsoron kuskure ba ya daskarar da hannunsa. A haka yake gano abin da karatu kaɗai ba ya koyarwa: cewa inuwar farin kofi ba baƙa ba ce, tana ɗauke da shuɗi ko ruwan toka mai ɗumi gwargwadon hasken ɗakin, cewa fentin ruwa yana dusashewa idan ya bushe, kuma farin takardar da aka rufe ba ya dawowa, cewa ja da kore in sun gamu sukan kashe juna, cewa hasken hantsi ba ya jiran kowa, dole a yanke shawara kafin inuwa ta gusa. Duk wanda ya taɓa zama a makarantar allo ya san wannan tsari. Yaro ya rubuta, a duba, ya wanke, ya sake. Ba wanda ya taɓa cewa ɓarnar tawada yake yi, kuma daga wannan rubutu da wankewa ne ake samun hannun da wata rana zai yi zayyana.

Ƙorafi na biyu ya fi na farko kaifi, domin yana taɓa kunya, kuma kunya ado ce. Sai dai ranar wanka ba a ɓoyon cibi. A 1993 masanin halayyar ɗan Adam Anders Ericsson da abokan aikinsa suka wallafa nazarin da suka yi kan ɗaliban goge a wata makarantar kiɗa a Berlin. Abin da mutane suka fi riƙewa daga wannan nazari shi ne yawan sa'o'in atisaye. Abin da suka fi mantawa shi ne irin atisayen: wanda yake nufin wani rauni takamaimai, kuma akwai mai gyara. Maimaitawa ba tare da gyara ba tana iya kafa kuskure ya zama ɗabi'a. Ɗalibin jami'a yana da malami da abokan aji da za su ce masa kafaɗar tulun nan ta fi ɗaya tsawo. Ma'aikaciyar jinyar da take zane bayan ta taso aiki ba ta da su. Nuna aikin shi ne ajinta. Shi ne kuma alkawarin da yake tayar da ita ranar da gajiya ta ce a bari sai gobe, domin alkawarin da aka yi a gaban mutane ya fi wanda aka yi a zuci wuyar karyawa.

Masu tsaron ƙofa kuwa, tarihi bai cika yi musu shaida mai kyau ba. A 1863 alƙalan babban baje kolin zane na Faris suka ƙi karɓar mafi yawan ayyukan da aka kawo, hayaniya ta yi yawa har sarki Napoleon na Uku ya ba da umarnin a buɗe wani zaure don waɗanda aka kora. Cikin korarrun akwai Édouard Manet. A 1884 aka kafa wani baje koli da ba shi da alƙalai sam, kuma tun daga 1886 wani ma'aikacin karɓar haraji a ƙofofin Faris, Henri Rousseau, wanda bai yi makarantar zane ba, ya riƙa kai aikinsa can ana yi masa dariya. Yau ayyukansa suna rataye a manyan gidajen adana zane na Landan da New York. Wannan ba ya nufin kowane ɗan koyo Rousseau ne a ɓoye. Mafi yawansu ba za su zama shi ba, kuma ba su nema ba. Samarin da suke buga ƙwallo da yamma a filin unguwa ba wanda yake tambayarsu dalilin da ya sa ba su shiga Kano Pillars ba. Zane kaɗai aka ware aka ce ko ka zama gwani ko ka ɓoye.

Batun tarkace ya zo a makare. In akwai ambaliyar hotuna a yau, ba daga hannun mai zana lemo take fitowa ba. Tun 2022, da bayyanar Midjourney da Stable Diffusion da DALL-E 2, duk mai waya yana iya samar da hoto mai sheƙi cikin daƙiƙoƙi. A wannan shekarar wani hoto da aka haɗa da Midjourney ya zo na ɗaya a rukunin zanen kwamfuta a bikin baje kolin jihar Colorado. Sheƙi ya yi arha ke nan. Abin da ya yi tsada shi ne mutum ya zauna sa'a guda gaban albasa yana kallonta har ya ga launuka biyar a bawonta. Ribar wannan zama tana komawa ga idon mai zanen, kuma na'ura ba ta iya yi wa kowa shi, kamar yadda ba ta iya yi wa kowa tafiyar motsa jiki. Karkataccen kofin nan shaida ce cewa wani ya duba.

Wannan ba ya nufin al'adar ba ta da cuta. Tana da ita, sai dai masu raini sun duba inda ba nan take ba. Cutar farko ita ce ƙirga. Idan yawan masu dangwala alamar so ya zama ma'auni, mai zane yakan daina gwada abin da yake ba shi wuya, ya koma maimaita abin da aka yaba jiya, sai ya yi zane 100 da a gaskiya guda ɗaya ne. Ta biyu ita ce bautar jerin kwanaki, inda wanda rashin lafiya ta sa ya tsallake rana ta 12 yake jin ya faɗi, ya watsar da sauran duka. Ta uku kasuwa ce. A ƙarshen 2019 rigima ta tashi lokacin da masu zane suka tarar an yi wa sunan Inktober rajistar mallaka, wasu kuma aka sa su sauke littattafan da suke sayarwa da sunan. A watan Maris na 2021 kamfanin gwanjo na Christie's ya sayar da haɗakar zanen kwamfuta na kwana 5,000 na Mike Winkelmann, wanda aka fi sani da Beeple, a kan dala miliyan 69, sai wasu suka fara kallon zanen kullum kamar tikitin caca. Cuta ta huɗu, wadda ta fi yaɗuwa, ita ce yabon da ba ya cewa komai. Mutum 40 su rubuta ya yi kyau, ba wanda ya ce inuwar ta faɗi ɓangaren da hasken yake. Irin wannan yabo da raini 'yan gida ɗaya ne, domin dukansu ba su tsaya sun duba aikin ba.

Ga mai karatu a Kano ko Damagaram, babu abin da ke cikin wannan hanya da ya keɓanta da Amurka. Ba ta buƙatar fentin da aka yo odarsa. Biro ya isa, tawada ta isa, ɗan akwatin fentin ruwa na 'yan firamare ya isa. Wanda yake kauce wa zana abu mai rai ba zai rasa abin yi ba, domin babban kaso na zanen kullum dama kayan gida ne da itatuwa da sararin sama: tulu, ƙwarya, goro a ganye, bakin zaure, hazon hunturu a kan rufin kwano. Akwai ma wata riba da ba a cika ambata ba. Domin Constable ya rubuta rana da sa'a, wani masanin yanayi ya iya gwada gajimarensa da bayanan yanayin Landan na wancan lokaci. Gidajen ƙasa masu zane a bango suna ta faɗuwa a Zariya, badalar Kano tana ta zaizayewa. Ƙaramin zanen da aka sa wa kwanan wata, komai karkacewarsa, yana riƙe da kamannin wani lungu a wata safiya da ba za ta dawo ba.

Saboda haka wanda ya ci karo da zanen rana ta 17 yana da zaɓi biyu na mutunci. Ko ya wuce abinsa, ba wanda ya tilasta masa kallo. Ko kuma, in har ya san aikin kamar yadda taɓe bakinsa yake nunawa, ya tsaya ya faɗi abu ɗaya takamaimai da ya yi daidai da abu ɗaya da ya kuskure: bakin kofin ya zagaye da kyau, amma gindinsa yana shawagi domin ba a sa duhu a inda ya taɓa tebur ba. Wannan jimla ɗaya za ta bayyana a zanen rana ta 18.