Kunne Ma Yakan Yi Kara

Uwargida, kin san maigidan da ke cizon batirin rediyo don murya ta fito, ko saurayin Kusugu mai rantsuwar cewa kebul mai bakin zinare ya gyara sifikarsa? Har Turai masoya sauti na wannan gardama.

Wata dabarar gaskiya ce: saka salula cikin kofi, murya za ta ƙaru. Wata kuwa zuciya ce kawai. Wanda ya kashe kuɗi, kunnensa yakan yi masa kara. Ya rufe ido, ki sauya kebul sau goma, ya bambance in ya isa.

Cizon batir kam, kada yaro ya koya, sinadarin ciki yana ƙona baki. In ya haɗiye ƙaramin batirin agogo, sai asibiti nan take.