Senna na Suzuka da Senna na Spa

Wasunmu sun san sunan Ayrton Senna, ɗan ƙasar Brazil da ya zama zakaran duniya a tseren motoci na Formula 1 sau uku, a 1988 da 1990 da 1991. Motocin nan ne masu kujera ɗaya, tayoyinsu a waje, gudunsu ya haura kilomita 300 a awa. Ya ci tsere 41. Mai karanta Littafi Mai Tsarki ne, kuma bai taɓa jin kunyar ambaton Allah a gaban 'yan jarida ba. Shi ya sa muke son labarinsa, amma kada son ya rufe mana ido.

A 1990, a filin Suzuka na Japan, Senna ya daki motar abokin hamayyarsa Alain Prost a kwanar farko. Dukansu suka fita daga tseren, kambun shekarar ya zama nasa. Bayan shekara guda ya amsa cewa da gangan ya yi. Tun kafin nan Prost ya zarge shi da tuƙi kamar wanda ke ganin bangaskiyarsa ta hana shi mutuwa. Ko zargin ya yi tsauri, mun san irin wannan tunani a gida. Saurayi ya hau babur a hanyar Taura zuwa Ringim, ba hular kwano, ya murɗa totur har ƙarshe da fasinja a baya, ka yi masa magana ya ce Ubangiji yana tsaron nasa. Mu tuna a Matiyu sura 4 Iblis ma nassi ya kawo, da ya ce wa Yesu ya diro daga ƙololuwar Haikali, Yesu kuwa ya ƙi gwada Allah.

Senna da muke so ku riƙe shi ne na Spa, a Beljiyam, 1992. Ana gwaji sai motar Bafaranshe Érik Comas ta bugi shinge, ya suma, injin yana ta ruri, wuta na iya tashi. Senna ya tsayar da tasa motar, ya sauka da gudu alhali wasu motocin na wucewa, ya kashe injin, ya tallafe kan Comas har likitoci suka iso. Nan ma ya sa ransa cikin hatsari, amma domin ran wani.

Ran 1 ga Mayu 1994 motarsa ta bugi katanga a Imola, Italiya, ya rasu yana da shekara 34. A cikin tarkacen aka sami tutar Ostiriya a nannaɗe. Ya yi niyyar ɗaga ta bayan tseren domin Roland Ratzenberger, direban da ya mutu a filin kwana ɗaya kafin shi.